Dokin da Aka Yi wa Kwalliya Saboda Ni

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Muraqqabat, ni da abokin zamana. Shi barci ne a idonsa, ni kuwa duk na ƙagu mu isa. A bakin tashar Al Rigga muka kurɓe shayin karak a tsaye, yana ƙona mana harshe, don ba a ci ba a sha a cikin jirgin ƙasa na metro.

Ga waɗanda ba su sani ba, likitan dabbobi ne ni, ina ƙarin karatu a nan Dubai. Bincikena a kan dokin jan kaya ne, yadda nauyi ke cinye masa gaɓoɓi har ƙashi ya yi tsiro. To, garin nan dawakin tsere ne ko'ina, sirara, 'yan gata. Gidajen tarihin da na zaga duk su ake nuna min. Malamina ya ce in ban samo ƙwarangwal ɗin mai jan kaya ba kafin zango ya ƙare, khalas, shi ke nan, in koma kan na tsere kamar kowa. Wallahi ba na so.

Sai na ji labarin wani gidan tarihi da aka rufe, aka kwashe kayansa zuwa sito a Dubai Investments Park. Da na kira, Bahaushe ya ɗauka, wani dattijo ɗan Maraɗi mai gadin wurin. Ya ce akwai wani ƙaton doki da ya ja amalanke a Turai, in zo.

Jirgi ya ratsa dogayen benaye, ina ta ƙirga tashoshi ina tsaki. Abokina ya ce, "Haba likita, mataccen doki ne fa, ba zai gudu ba." Can gaba benayen gilashi suka ƙare, aka shiga masana'antu da tireloli da masaukan leburori, kayan aiki a shanye a kowace taga. Mai tasin da ya ɗauke mu daga tasha ya yi ta zagaye, don sito-siton duk kamarsu ɗaya.

Baba mai gadi ya tarbe mu da dabino da gahawa, bakinsa har kunne. Ya ce sai mun ci. Na haɗiye dabino ɗaya ina leƙen bayansa.

Da ya yaye tamfol, sai da na ja baya. Tubarkalla, doki ne kamar raƙumi. Amma sheƙi yake, sumul, fari tas. Na shafa gwiwa, na shafa gadon baya, babu tsiro ko ɗaya.

"Ka gani, likita?" in ji Baba. "Tun da ka ce za ka zo ban zauna ba. Duk ƙuraje ne a ƙashin, abin kunya. Na ce ɗan'uwana ba zai tarar da shi haka ba. Samfefa na sa, voilà, na bi da man sheƙi."

Innalillahi! Ƙurajen nan su na zo nema. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a hannunsa: yatsun duk sun tsage, ɗaya a ɗaure da tsumma. Na ji kaina ina cewa, "Sannu da aiki, Baba."

Sai ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, ƙafar baya ɗaya bai kai gare ta ba, ya ɓoye ta a bayan akwati. Na yi tsalle na jawo ta. Ga ta nan baƙa ƙirin, gaɓar ta haɗe, tsiro ko'ina. Na rungume ta, abokina ya juya yana tari don ya ɓoye dariya. Na auna, na ɗauki hotuna, na roƙi Baba ya bar min ita haka, za mu dawo da na'ura ni da malamina.

Ya ce, "To, amma malaminka babban baƙo ne. Ka bari ko ɗan shafawa in yi mata."

Bayan la'asar muka iso gida, ban iya cin abinci ba. Abin da na koya, in za ka je neman abu wurin mai karamci, ka faɗa masa dalla-dalla abin da kake so a jikinsa. Yanzu karatuna gaba ɗaya a kan ƙafar nan yake, samfefar kuma tana aljihun Baba. Hanya ɗaya ce ta hana shi, in gaya masa abin da ya goge da yatsun nan nasa. Na ɗauki waya na ajiye, na sake ɗauka, har yanzu ban kira ba.