Ɗakin Jiran da Kaka Ta Zaɓa

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranar da baffannina biyu suka ɗauki kakata za su kai ta Masar. Lokacin ba a daɗe da yanka mana jihar Jigawa ba, ina aji biyu a sakandare. Yarinya ce ni mai kunyar tsiya, ko malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Magana ce dai ba ni da ita, amma wajen kallo ba a bar ni a baya ba.

Kaka tana zaune a Gagarawa, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, ni ce mai riƙe mata hannu. Aikin idon nan kullum ana yin sa a Kano. Sai babban baffana, wanda ya samu kujera a ƙaramar hukuma a Gumel, ya ce asibitin kuɗi zai kai ta. Ƙaninsa, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, ya ji labari ya ce uwarsa ta fi ƙarfin Kano, sai dai Legas. Babban ya ce Masar. Da ƙaramin ya san wata ƙasa gaba da Masar, da can muka nufa. Tunda babu wanda zai yarda a ce ɗan'uwansa ne ya kai ta, sai dukansu suka shirya. Kaka ta ce ba inda za ta ba tare da ni ba.

Tun daga Gumel suke musun wanda zai riƙe takardu. Kafin mu kai Kano Kaka ta gaji, ta ce a ba ta fasfonta da nawa da tikitinmu da takardar asibiti, ta cusa su a 'yar jakar da ke wuyana.

A filin jirgi aka ce jirginmu zai makara. Babban baffa ya gyara hula ya ce, “Inna, wani abokina ya sa an buɗe mana ɗakin manyan baƙi na gwamnati.”

Ƙaramin ya yi dariya. “Ɗakin alfarma ke nan, Yaya. Ni tikitin gaban jirgi na saya, ɗakina da gumina na same shi. Har shayi ake bayarwa.”

“Shayi? Uwarmu ta zo Kano shan shayi ne?”

Kaka ta ce a daina tara mata jama'a, za ta leƙa kowanne.

Muka fara da na gwamnati. Ƙafarta na jin laushin darduma ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ni ma na tuɓe. Baffa ya yi saurin tura su bayan labule da ƙafa, yana waige-waige. Na ga furen roba da ya yi ƙura, da agogon bango da ya tsaya, da talabijin ba murya. Manyan mutane sun nutse a kujeru, ɗaya yana riƙe da jarida, har muka fita bai juya shafi ba. Kaka ta ɗaga murya ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Na'urar sanyaya ɗaki ce kawai ke gurnani.

Ta matse hannuna. “Ƙawata, babu kowa ne?”

Na raɗa mata cewa ɗakin cike yake.

“To rasuwa aka yi musu?”

Baffa ya ce, “Inna, a hankali, haka manya suke zama.”

Ɗakin ƙaramin baffa ya fi haske, ya kuma fi sanyi. Kujerar da aka ba ta ta haɗiye ta har ƙafafunta suka bar ƙasa. Wani Bature yana barci baki buɗe. Baffa ya tara biskit a faranti kamar zai buɗe shago, ina kallo yana zura sukari mai ƙwaya a aljihun babbar rigarsa. Nan ma ta yi sallama. Ma'aikaciyar ɗakin ta yi mata murmushi mai kyau, amma ina Kaka za ta ga murmushi?

“Wannan sanyi fa? Nan suke ajiye nama?” in ji ta. Can ta ce in kai ta ta yi alwala.

A hanyar dawowa muka ratsa babban zauren da kowa da kowa ke jira. Zafi, hayaniya, kukan yara, fanka ɗaya tana juyi kamar an tilasta mata. Wasu mata 'yan kasuwa sun shimfiɗa zannuwa a ƙasa sun jingina da jakunkunansu. Kaka ta ja ta tsaya, don ta ji Hausar Damagaram. Ta yi sallama, bakuna suka amsa a tare.

“Marhaba da Inna! Matso nan. Ke 'yar lakwal, zaunar da ita mana,” in ji wata ƙatuwar Hajiya mai haƙorin Makka. Lakwal a bakinsu ita ce makarantar boko.

Kafin a jima Kaka ta miƙe ƙafa, an dama fura, an fasa goro, har an gano cewa ƙanwar Hajiyar tana aure a Sule Tankarkar. Ashe ita ma Masar za ta sarin kaya, ta san garin kamar tsakar gidanta. Baffannina suka zo ɗaya bayan ɗaya suna lallashi. Kaka ta ce ta samu ɗaki. Kowanne ya koma nasa da fushi, yana ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata masa shiri.

Bayan la'asar aka kira jirginmu. Kaka ta aike ni. Na sami babban baffa ya harɗe ƙafa.

“Baffa, an kira.”

“Wancan ya fita?”

“A'a.”

“To, babba ba ya bin layi. A ƙarshe muke shiga. Je ki ce ya wuce.”

Na ruga wurin ƙaramin. Ya kurɓi shayi ya ce, “Mai kujerar gaba ai shi ake jira. Ki ce wa Yaya ya yi gaba, girmansa ne.”

Na yi ta kai-komo har santsin daɓen ya kusa kayar da ni. A zuwan ƙarshe na tattara duk ƙarfin halina na ce zauren ya kusa zama fanko. Babban ya ce, “Jirgin da ya ɓata mana yini shi zai yi mana gaggawa?” Ƙaramin kuwa cewa ya yi in leƙa masa ko Yaya ya ɗauki jakarsa.

Na dawo ina hawaye. Idan jirgin nan ya tashi, ranar da likita ya ba Kaka ta wuce ke nan. Ta shafa fuskata ta ji danshi.

“Takardunmu suna wuyanki?”

“Suna nan.”

“To riƙe hannuna. Ido na zo nema, ba kujera ba.”

Hajiyar Damagaram ta kama ɗaya hannun, muka hau. Ta taga na hango ana janye matakala. Sai ga manyan riguna biyu sun fito da gudu, iska ta cika su kamar tantin biki, ma'aikata suna tare su. Hular babban ta faɗi. Sukari yana zuba daga aljihun ƙaramin.

“Me kike gani, ƙawata?”

“Su Baffa ne. Sun fito tare.”

“Alhamdu lillahi. Yau dai sun haɗa kai.”

Hajiyar nan ita ta kai mu masauki, ita ta kai mu asibiti, aka yi aiki lafiya. Baffannina sai jirgi na gaba suka samu, kuma kujerun da suka rage biyu ne a can ƙurya, kafaɗa da kafaɗa, kusa da ƙofar bayi. Sun iso ranar da aka cire wa Kaka bandeji. Wannan karon kowanne so yake ya riga shiga, don ta fara ganinsa, sai suka maƙale a ƙofa suna ture juna da gwiwar hannu. Kaka ta daɗe tana kallonsu da sabon idonta, sannan ta juyo gare ni.

“Ƙawata, ashe abin da kike kallo ke nan shekara da shekaru kika yi shiru? Kira likita ya mayar mini da bandejin.”

Yanzu na girma, aiki ya sha kai ni filayen jirgi, an sha nuna mini ƙofofin ɗakuna masu sanyi. Ba na ƙin shiga, amma sallama nake fara yi. In ba a amsa ba, sai in sha ruwansu in koma cikin jama'a, inda zan ji kira. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ɗakin jira sunansa ɗakin jira, kuma wanda ya tsaya auna girmansa a ciki, jirgi ba ya tsayawa taya shi awo.