Ranar da Aka Tafa wa Inji

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula na yi wani fushi da har yau bai gama sauka ba. Ni ba mai saurin fushi ba ne. Tela ne ni a Fagge, kuma duk wanda ya yi shekaru mutane suna dawo masa da riga su ce wuya ya matse, ya koyi haƙuri ko bai so. Amma wannan abin ya tsaya min a rai.

Mu uku ne muke zama duk Lahadi da la'asar a kan benci, a ƙofar wani shagon kaset a Sabon Gari. Mai shagon Ibo ne, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Oga nake ce masa, shi kuma ya ce min Tela. Na ukunmu malamin sakandare ne daga Kwaciri, ɗan gidan malamai, wanda kullum a bayan layi yake ajiye babur ɗinsa don kada wani ɗan unguwarsu ya gan shi. Abin da ya haɗa mu wata ƙungiyar kiɗan Turawa da ake kira rok ce, ta mutanen gabas, su huɗu, da suka zo Kano bayan yaƙin basasa suka daɗe suna wasa a wani otel. Muna samari lokacin. Ina koyon ɗinki, kuma wandunan nan masu buɗaɗɗiyar ƙafa da ake rawa da su, da yawa ta hannuna suka bi.

Ƙungiyar ta watse tun da daɗewa, kowa ya kama gabansa, mu kuma muka samu abin musu, kowa da gwaninsa a cikinsu. Oga na mawaƙin ne, wanda ya koma Legas yana waƙoƙin soyayya da fiyano. Malam ya ce waɗannan waƙoƙin tallar man shafawa ne. Shi Malam na mai jita ne, wanda ya tafi Turai yana fitar da faifai ba waƙa a ciki, sai kiɗa mai tsawo. Oga ya ce in ya saka shi a shago har ƙuda barci suke yi. Na ukun 'yan ƙungiyar ya shiga coci ya koma waƙar yabo, shi muka bar shi da Allah. Ni kuwa na mai ganga ne.

Mai gangar bai je ko'ina ba. A Sabon Gari ya zauna, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Sau ɗaya ya fitar da kaset nasa na kansa, shi da wasu masu kalangu na Fagge, kuma bai samu kasuwa ba. Oga yakan tsokane ni ya ce da katan ɗin kaset ɗin yake tokare kanta. Ina dariya, amma ni a wurina duk abin da sauran ukun suka yi bai kai wannan kaset ɗin ba. Baba muke ce masa. Daga baya matarsa ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Autarsa, wadda take aikin jinya a wani asibiti, ita take kula da shi.

Wata rana a tsakiyar mako Oga ya aiko mu zo, ya dawo daga Legas da abin mamaki. Mawaƙin ya ɗauko faifansu na farko, wanda duk muka haddace, an wanke sautinsa an sake fitar da shi a ƙaramin faifan zamani, wato sidi. Oga ya tayar da janareta ya saka mana. Gaskiya da farko na ji daɗi. Jitar ta fito tas kamar mutumin yana tsaye a cikin shagon, babu ƙarar nan ta tsohon faifai. Ana cikin waƙa ta biyu sai na ji wani abu bai zauna ba. Baba in yana kiɗa, yakan ɗan ja baya kamar mai tafiya da kaya a ka, sai an kusa ƙarshe ya matsa, ya yi ta matsawa har mawaƙin ya koma bin sa da gudu. A nan ne mutane suke haukacewa a otel. Wannan kuwa daga fari har ƙarshe tafiya ɗaya yake yi, kamar keken ɗinki mai lantarki. Na dubi Malam, na ga ya cire tabarau yana gogewa. Shi ma ya ji.

Oga bai yi musu ba. Ya ce a Legas sun gaya masa tsohon kaset ɗin da aka ɗauki kiɗan a kansa ya yi fumfuna, wurin gangar ya lalace, shi ne aka sa inji ya buga a madadinta. Na tambaye shi wace irin fumfuna ce wannan da ta cinye ganga kaɗai ta tsallake muryar mawaƙi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi mai sayarwa ne, ba shi ya haɗa ba.

A lokacin na fara zuwa ajin manya na yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da ƙyar. Na karɓi kwalin na bi shi da yatsa a hankali. Ga hoton Baba yana saurayi da gashi buya-buya, ga sunansa a ƙasa. Komai nasa yana nan ban da hannunsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi tsaki na koma Fagge. Sai Oga ya gaya mana shirinsa. Ranar Lahadi zai kafa rumfa a ƙofar shago, ya jera kujeru, ya kira tsofaffin masoya, Baba kuma shi ne babban baƙo. Har ya riga ya gaya masa. Na ce wa Oga wannan cin mutunci ne, a zaunar da mutum a gaban jama'a a saka masa inji a ce shi ne. Ya ce kunnen Baba ya tsufa, ba zai gane ba, kuma yaushe rabon da wani ya tuna da shi. Malam ya ce a Turai ma ana irin wannan, ko da yake bai dace ba, amma shi a ganinsa a yi shiru ya fi. Na ce da shi in da jitar mutuminsa aka cire, da yanzu ya rubuta takarda uku zuwa jarida. Na tashi na bar lemon da Oga ya buɗe min.

Washegari autar Baba ta zo shagona da yadi mai ruwan ƙasa. Baba Tela take ce min tun tana ƙarama. Ta ce sabuwar riga take so ya saka ranar Lahadi. Tana ta murna. Ta ce ita ba ta taɓa jin kiɗan mahaifinta sosai ba, don fayafayansa ruwan sama ya shiga ɗaki ya lalata su tun ba ta yi wayo ba, tsofaffin kaset kuma sai ƙara kamar ana suya. Yanzu ne za ta ji shi da kyau. Na karɓi yadin. Ba sai na yi awo ba, na san jikinsa. Na buɗa hannun dama sosai don ya shiga ba wahala, na sa manyan maɓallai waɗanda hannu ɗaya zai iya ɓallawa. Ina ɗinki ina zagin mawaƙin nan a zuciyata, shi da fiyanonsa.

Da na gama na kai masa da kaina, lokacin da na san tana wurin aiki. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, ya sa an yi masa aski. Na saka masa rigar ta zauna daidai. Sannan na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce kada ya je, in ya so ni zan je in ce ba shi da lafiya. Ya daɗe yana wasa da maɓalli ɗaya. Maganarsa ta yi nauyi tun da ciwon ya same shi, amma na ji ta sarai.

“Tela, kai ɗinki ka sani. Bar min kiɗa.”

Na fito raina a ɓace. Daga Sabon Gari har Fagge a ƙafa na koma, masu acaba suna ta min oda ban kula su ba.

Ranar Lahadi na ce ba zan je ba, sai ga ni na je. Mutane sun cika fiye da yadda na zata. Ga tsofaffin abokan rawa da tumbi da furfura, wasu daga coci suka wuto da iyalansu, ga samari da lasifika ta janyo. Hotunan 'yan takarar zaɓen da ya wuce suna nan a bango, Oga ya liƙa na ƙungiyar a kansu. An zaunar da Baba a gaba a kujera mai hannu, 'yarsa tana tsaye a bayansa. Malam ya samu wuri can baya kusa da babur ɗinsa.

Aka saka sidin. Ni ban kalli kowa ba sai hannun hagun Baba, wanda yake kan gwiwarsa. Da kiɗan ya fara, yatsunsa suka ɗaga suka sauka, suka sake ɗagawa. Sai suka tsaya a sama kaɗan, suka koma suka kwanta. Ba su ƙara motsi ba har aka gama. Mutane kuwa sun tashi suna rawa. Oga ya riƙe abin magana yana cewa a ji hannun Baba, a ji yadda ake kiɗa a da, yaran yanzu ba su iya ba. Wani tsoho da na san ya san gaskiya, don kusa da ganga yake tsayawa a otel, shi ya fi kowa ihu. 'Yar tana kuka tana dariya, ta riƙe kafaɗar ubanta. Aka yi ta tafi. Wa ake tafa wa? Wani akwati a Legas da ba ya gumi.

Sai Oga ya sunkuya ya kai wa Baba abin maganar baki, ya ce ya gaya wa jama'a yadda ya ji. A nan na miƙe. Ban san me zan ce ba, amma na san zan faɗa, kuma da ƙarfi. Baba ya juyo da kansa a hankali ya kalle ni.

“Tela, zauna. Ka tare wa mutane.”

Aka yi dariya. Na zauna. Shi kuma ya ce, “Ni ne. Haka nake buga ta.” Tafin da aka yi ya fi na farko.

Da taro ya fara watsewa, 'yar ta tafi bakin titi neman tasi, ta bar min shi. Oga yana ciki yana fama da masu saye. Mu biyu ne a ƙarƙashin rumfa, ana kwashe kujeru. Ban yi niyyar yi masa magana ba, shi ya fara. Ya ce tun kafin mawaƙin ya buɗe baki ya gane, abin ba ya numfashi. Ya ce tun ranar da na je gidansa ya yarda da ni, don bai taɓa jin na yi ƙarya a kan kiɗa ba. Na ce to me ya sa ya zo, me ya sa ya amsa. Ya nuna bakin titi da haɓa, inda take tsaye tana ɗaga wa motoci hannu.

“Tun tana makaranta kashina take kwashewa. Yau ta ga an tafa min.”

Na ce ina da tsohon faifan a gida, na gaskiya, zan saka mata ta ji ubanta. Ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya ce in ta ji biyun za ta ji bambanci, jininsa ce, kuma a ranar za ta san ubanta ya zauna a gaban mutane ya yi ƙarya. Ya ce kada in soma. Tasi ta zo, muka ɗaga shi muka saka a ciki. Ta yi min godiya a kan rigar.

Ban ƙara zama a bencin nan ba. Oga ya zo har Fagge da sidi ɗaya kyauta, ya ce ni na fi mai abin jin zafi, kuma ai kowa ya tashi da farin ciki. Na ce ya ɗauki kayansa. Ya ce saboda ganga zan watsar da zaman shekara da shekaru? Na ce shi ya riƙe abin maganar nan ya kai bakin Baba, alhali ya sani. Da ya bar shi ya zauna kawai, da bai faɗi abin da ya faɗa ba. Oga ya ɗauki sidinsa ya tafi. Muna gaisawa in mun haɗu a kasuwa, shi ke nan. Malam yana biyowa shagona wani lokaci da sabon faifan mai jitarsa, in saurara in ce masa har yanzu barci yake sa ni.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. A wurin zaman makoki sidin nan aka yi ta sakawa, ina zaune ina ji. Autar tasa ta yi aure, duk Kirsimeti ni take kawo wa ɗinkin 'ya'yanta. Wata shekara tana zaune tana jiran in gama kalmasa, ta ce ta ji an ce ina da tsohon faifan babanta, tana so wata rana in saka wa yaran. Na ce mata garmahona ya lalace. Gaskiya ne ya lalace, bel ɗinsa ne ya tsinke. Akwai mai gyara a layinmu, kullum ta gabansa nake wucewa in zan je masallaci. Ban kai masa ba.