Ranar da Muka Kai Kwamfutar Yaya Aminu Zariya

Kano

Ƙarfe biyar da rabi muka fito daga Madabo, ni da Baba, bayan sallar asuba. Kwana ashirin ke nan da rasuwar Yaya Aminu. Shekara shida ya yi yana digiri na uku a fannin injiniyan lantarki, saura babi ɗaya ya miƙa. Farfesansa ya yi waya cewa in aka sami babin, za a iya ba shi digirin ko bayan ransa. Babin yana cikin kwamfutarsa. Baba ya naɗe ta a sabon rawani, ya sa a jaka, ya ce ni zan riƙe.

Ƙarfe bakwai motar ta cika a Unguwa Uku. Direba ya ce a sa jakar a but, Baba ya ce amana ce, a cinya za ta zauna.

Kwanar Ɗangora

Takwas da kwata. Wani soja ya leƙo ya tambayi abin da na rungume. Na dubi Baba. Baba ya ce kayan mamaci ne, sojan ya yi mana gaisuwa ya ɗaga shinge. An saya mini ƙosai, ya huce a hannuna.

Zariya

Goma saura muka shiga ɗakin gwaji na jami'a. Warin dalma, wayoyi ja da baƙi, batura a jere. Silifas ɗin alwalar Yaya suna ƙarƙashin teburinsa, ɗaya ya hau ɗaya.

Farfesa Bello ya bayyana mana cewa Yaya yana neman yadda wutar sola za ta riƙe firjin allurai a asibitocin ƙauye ko da hadari. Ya roƙi a bar masa kwamfutar sati biyu. Baba ya ƙi. Matar Yaya tana da ciki, ba a raba gado sai ta haihu, shi kuwa ba zai ba da aron dukiyar maraya ba. Farfesa ya cire tabarau, sannan ya ce to a bari ya kwafi aikin.

“In ka ɗiba, zai ragu?” in ji Baba.

“Alhaji, ko harafi ɗaya ba zai ragu ba.”

Baba ya ce to kamar a kwafi littafi ne, ya ɗiba. Minti huɗu aka yi. Aikin shekara shida.

Gida

Biyar da rabi muka iso. Anti Habiba, matar Yaya, tana takaba, tana zaune a bakin ɗakinta tun rana. Baba ya ajiye mata kwamfutar ya ce ta duba, ba abin da ya ragu. Ba ta buɗe ba. Tambayata ta yi ko teburinsa yana kusa da taga, don ya sha ce mata zafi yana damunsa. Na ce yana kusa.

Mun gode wa Farfesa, mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Allah ya jiƙan Yaya.