Jinin Dasashi

Ni ce mai garau-garau ta ƙofar kamfanin jima a Sharaɗa. Duk wanda ya yi leburanci a layin nan a wancan zamanin ya ci daga hannuna, in ya ce bai ci ba ƙarya yake. Da an busa jiniya sai maza su fito da warin fata a jikinsu, kowa da kwanonsa, 'yan Jigawa, 'yan Nijar, har direbobin tirela. Ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a shinkafata.

Dasashina ne ya kashe mini kasuwa. Tun haihuwata ta huɗu yake jini. In na yi asuwaki, jini. In na gatsa goro, jini. Na kuskure baki da kanwa, da gishiri, da ruwan bagaruwa, duk a banza.

Akwai helima a kamfanin, shugaban leburori, mutum mai ƙaton ciki da ƙaramin imani. Ƙanwarsa ta daɗe tana son gurbina. Rannan wani lebura ɗan Nijar ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana sambatu yana kiran mai garau-garau. Ni dai na san yunwa yake ji. Amma a wajenmu, in marar lafiya ya kama sunanka, an gama da kai.

Suka kwantar da shi a tabarma a gaban tukunyata. Helima ya ce, "Baiwar Allah, sakar masa kurwa."

Na yi dariya, don na zaci wasa ne. Dariyar nan ce ta cuce ni.

"Ku dubi bakinta!" in ji shi. "Jinin wa ke nan? Ku duba, jama'a!"

Suka duba kuwa. Mazan da na ciyar shekara da shekaru suka zagaye ni, suka ce sai na tsallake shi sau uku, kamar yadda ake sa mayya ta yi. Na tattare zanina na tsallake, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari aka kai shi asibiti, aka yi masa allurai, ya miƙe. Sai suka ce, kun gani? Ta sake shi. Daga ranar ko kyauta na zuba ba mai ci. A unguwa mata na janye 'ya'yansu in na wuce.

'Yata ta fari tana sakandare a lokacin. Ba na kama sunanta, 'yar fari ce, yanzu dai Likita nake ce mata. Ta yi karatun haƙori ta gama, na ce alhamdulillahi, sai hutu. Sai ta zo ta ce za ta koma asibitin koyarwa, shekaru kuma, ta ƙware a kan dasashi kaɗai.

Na ce, "Dasashi? Naman da bai kai loma ɗaya ba shi za ki ba shekarunki? Mahauci ma ba ya sayar da shi."

Ta ce, "Inna, buɗe bakinki."

Ta kai ni ɗakin da suke koyon aiki, ta ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙina, ta ɗora a gilashi mai haske. Ta nuna mini inda ƙashin da ke riƙe haƙori ya zaizaye kamar bakin rafi bayan damina. Tana da wani siririn ƙarfe mai zane-zane, tana zura shi tsakanin haƙori da nama, tana kiran lamba ana rubutawa. Malaminta, wani dattijon farfesa, ya leƙa ya ce, "Hajiya, da kun zo tun da wuri da ba ku rasa ko ɗaya ba." Huɗu na rasa. Sauran ta kankare musu dattin da ya daskare a ƙarƙashin nama, ta tsaga, ta wanke, ta ɗinke. Jinin ya tsaya cak.

Na tambayi farfesan, "Ranka ya daɗe, a littafinku akwai kurwa a cikin ciwon nan?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni ban yi ba.

Kafin a ba su shaidar ƙwarewa, sai kowa ya yi bincike ya rubuta. Likita ta zaɓi duba bakin ma'aikatan kamfanoni. Ta yi Bompai, ta yi Challawa. Ranar da na ji ta ce gobe Sharaɗa, kamfanin jima, na sa aka goge mini leshina.

"Inna, aiki fa zan je."

"Ni ma rakiya zan yi. An hana uwa rakiya?"

Sun kafa rumfa a cikin harabar, da kujera da benci, maza sun yi layi. Yawancinsu sababbin fuska ne, amma tsofaffin sun gane ni, suna ta sunne kai. Can sai ga mutumin nan, helima. Cikin ya zube, an sauke shi daga helima ya koma gadi. Ya zauna, ya wangale baki a gaban 'yar mayya. Tana taɓa shi da ƙarfen nan jini ya cika masa baki, har ya gangaro gemu.

Na miƙe. Muryar da nake kiran ciniki da ita ba ta mutu ba.

"Jama'a, ku matso! Malam, jinin wa ke nan? Wa ka ci da safen nan? A kawo tabarma, a nemo marar lafiya, tsohon nan zai yi tsallake!"

Layin ya kwashe da dariya. Wani tsoho a baya ya ce, "Wallahi ita ce, mai garau-garau." Shi kuwa ga auduga a baki, ba halin magana, sai idanu.

Likita ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "Inna, majinyacina ne. Don Allah ki koma mota."

Na koma, amma da kaina a sama na tafi.

Sati biyu ba ta zo gaishe ni ba. Da ta zo ta ce na kusa ɓata mata bincike, wai abin da likita ya gani a bakin mutum amana ce. Na ce ni ba likita ba ce, ban ɗauki amanar kowa ba. Kuma ta sa tsohon heliman cikin waɗanda za a yi wa aiki a asibitin, ita da hannunta. Wannan ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na so a bar shi ya zubar da haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da kunu.

Bayan an yi masa aikin farko ya turo limamin masallacin kamfanin gidana. Liman ya yi wa'azi mai daɗi a kan yafiya, na saurara har ƙarshe, na kawo masa ruwa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ɗaki ya ce mini mayya?"

"A'a, Hajiya."

"To ba a ɗaki zan yafe ba. Ya tsaya a ƙofar kamfanin nan in an busa jiniya, ya ce ƙarya ya yi mini, ya faɗi dalilin da ya sa. Ya zo unguwarmu ya maimaita. Jikokina mata suna tasowa, wata rana za su yi aure, ba zan bari a je bincike a ji kakarsu mayya ce ba."

Liman ya koma, ya dawo da amsa: ya yarda, amma bakinsa duk ɗinki ne, sai ya warke.

Na tambayi Likita yaushe irin wannan ɗinkin yake sakin mutum ya ɗaga murya. Ta harare ni, ta ce akwai sauran aiki biyu, ƙila wata uku.

Na ce ta yi masa aikin da kyau, kada ta yi sauri. Ina so a ji shi har bakin titi.