Baturiyar da Ta Ƙi Zubar da Jini a Littafinta

Gidanmu na unguwar Titiwangsa, a nan ƙasar waje, babu murhu, sai gas. Amma shekarar da Kaka ta zo jinyar ƙafarta, lokacin Baba yana karatu a wata makaranta da ke titin Jalan Semarak, kicin ya zama dandalinmu. Bayan magariba takan ja kujera kusa da wuta tana dama kunu, ni da ƙanena Sadiq muna zaune a ƙasa.

"Kaka, story lah," in ji Sadiq, yana roƙon labari da irin Turancin garin.

"Da Hausa ake roƙona, maigidana," takan ce.

Wanda muka fi so ba tatsuniya ba ne. Labarin Malama Rut ne, wata Baturiya marubuciya da suka yi maƙwabtaka a Jos Kaka tana amarya. 'Yar Kweka ce, wasu Kiristoci da ba sa yaƙi, ba sa rantsuwa, ibadarsu zaman shiru. Littattafanta na farko sun karɓu a ƙasarsu. Sai ta rubuta wani a kan manoma biyu masu rikicin iyakar gona. Tana jin Hausa, don haka takan fassara wa Kaka babi-babi, Kaka tana gyara mata.

Masu buga littafin suka ce sai ta canja ƙarshensa, wai labarin baƙar fata ba ya sayuwa sai an kashe wani.

"Ta shigo ta zauna a tabarmata," in ji Kaka. "Sai ta ce, 'Hajara, a garinku yaya ake gama irin wannan?' Na ce dattawa ke zama, a ja wa kowa kunne, a raba goro, kowa ya koma gonarsa. Ta ce, 'To haka zai ƙare.'"

Suka ƙi bugawa. Ta koma koyarwa, sai da ta yi furfura wani ƙaramin kamfani ya fitar da shi. Nan Kaka kan gyara zama, ta ɗaga kai.

"Bai ba ta suna ba. Amma ba ta yi mana ƙarya ba."

Da ina yarinya, Malama Rut kaɗai nake gani a labarin. Yanzu ina koyarwa a garin nan, kuma duk wanda ya ji daga Nijeriya nake, mugun labari yake jira. Nakan ba shi labarin yadda dattawanmu ke sulhu. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma an tambaye ta gaskiyar mutanenta ta faɗa, har marubuciya ta yarda ta rasa kasuwarta a kan maganar Kaka. Jikarta ce ni.