Ƙulu Mai Tuwo Ta Haye Tsibirin Manji

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe a Gabon, lokacin da ko'ina mutum ya duba a Libreville gini ake tayarwa, babu magini ko direban tifa mai jin Hausa da bai san rumfar Inna Ƙulu a unguwar Sotega ba. Tuwon shinkafa take sayarwa, da miyar kuka in an kawo kukar daga Garwa ta Kamaru, in ba a kawo ba miyar gyaɗa. Gajeriya ce kakkaura, mai murya. An taɓa ganinta ta kori wani ƙaton mashayi da muciya har bakin titi. Amma kowa ya san abu guda game da ita: ba ta kallon teku. In taksi ya ɗauko ta zuwa unguwar Louis ya bi ta titin bakin ruwa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗewa sai ta ji motar ta karya kwana.

'Yar ƙasar Ringim ce. Tana ƙanƙanuwa, wata damina, ta bi uwarta cin kasuwa a ƙetaren kogi. Kwalekwalen fito ya ɗauki mutane fiye da ƙima, har da awaki, ya kife a tsakiyar ruwa. Wani masunci ya cafko ta ta gashi. Uwar kuwa sai daga baya aka tsinci gawarta can ƙasa, maƙale a saiwar geza. Tun daga ranar ko rijiya Ƙulu ba ta leƙawa.

Mijinta Sabitu, mai sayar da takalma, shi ya kawo ta Gabon ta ƙasa, daga Kano zuwa Garwa, daga nan zuwa kudu a bayan manyan motoci. Duk inda aka zo fito, sai ya zaunar da ita tsakanin buhuna, ya tsaya a gabanta ya tare mata ruwan, yana ta janta da hira har a haye. Shi ne mai Faransanci, shi ne mai zuwa ofis sabunta takarda, shi ne mai tsayar da taksi. Da hawan jini ya ɗauke shi, Ƙulu ta tarar da kanta tana neman shekara hamsin ba ta taɓa fita bayan gari ita kaɗai ba.

'Ya ɗaya ce ta rayu a cikin waɗanda ta haifa, Jamilatu, kuma ita ce ta fari, don haka Ƙulu ba ta kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". An aurar da ita ga Bouba, wani ɗan Garwa mai shagon kayan masarufi a Port-Gentil, garin ma'aikatan mai da ke tsibirin Manji. Babu hanyar mota zuwa can, sai jirgin ruwa ko na sama. Da labarin ciki ya zo, Ƙulu ta share ɗaki, ta tara itace a bayan rumfa, tana jiran a kawo yarinyar gida ta haihu a gabanta kamar yadda aka saba.

Sai ga Ɗanlaraba, wani ɗan kasuwa mai kai yadi tsibirin, ya zo ya durƙusa a bakin murhu. Ya ƙi karɓar tuwo.

"Inna, daga wurin Bouba nake. Yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Yaushe za su taso?"

"To, shi ne. Ƙafafunta sun kumbura, kuma ta ɗan ga jini. Likita ya ce kada ta hau komai, ko taksi. Bouba ya ce a roƙe ki, in da hali ke ki zo. Ba ta da kowa a can sai matan maƙwabta, su ma ba namu ba ne."

Ƙulu ta ci gaba da tuƙa tuwo.

"Ruwan nan," ta ce, "ana hango ƙetarensa?"

"Gaskiya, Inna, in an yi nisa ba a hango komai."

Shi kansa ba zai koma ba sai bayan Sallah, kayansa na Duwala. Ya kawo shawarar jirgin sama, ya ce Bouba zai ɗauki nauyi. Ta girgiza kai. "In na faɗo daga can, ai ruwan dai zan tarar a ƙasa. Kuma wa zai bar ni in shiga da tukunyar wanka?"

Maƙwabciyarta Hawaou, 'yar Marwa, wadda suke kiran juna Takwara, ita ta ce za ta raka ta. Ƙulu ta ɗan sami natsuwa, har ta fara haɗa kaya: gero da kanwa na kunu, yajin jego da ta daka da hannunta, daddawa, man shanu a kwalba, da babbar tukunyar ƙarfen da aka dafa mata ruwan nata jegon. Ana cikin haka ƙyanda ta shiga gidan Hawaou, ta kwantar da 'ya'yanta biyu.

"Takwara, ki yafe ni," in ji Hawaou, idonta ya yi ja. "Kin ga yadda suke."

"Zauna da 'ya'yanki. Ni ma wurin tawa za ni."

Ta faɗa da ƙarfin hali ne kawai. Ranar ta zuba wa miya gishiri sau biyu.

Masu cin tuwo ba su taimaka ba. Da suka ji Inna za ta hau ruwa, kowa ya kawo nasa. Wani ya ce a wannan lokacin na shekara akwai kifaye masu girman gida da ke tasowa su yi tsaki da hanci, in ɗaya ya goga bayansa a jirgi shi ke nan. Wani ya ce inda kogi ke shiga teku igiyar ruwa takan yi tsayin bene. Wani direba ya ce ƙarya ne, shi ya je ya dawo, abin da ya same shi kawai amai ne, har ya ɗauka hanjinsa zai fito. Aka ce ta tsotsi lemon tsami, aka ce ta tauna citta, aka ce kada ta ci komai, aka ce a'a, ta ci ta ƙoshi. Tana zuba musu miya tana ji.

Wata safiya ta ce wa Hawaou, "Koya mini abin da zan ce a wurin sayen tikiti." Hawaou ta koya mata kalmomi kaɗan: bato shi ne jirgin, biye shi ne tikitin, sai sunan garin. Ƙulu ta yi ta maimaitawa a bakin murhu kamar mai hadda. Sannan ta ɗaura katin zamanta a cikin lalita, ta tsayar da taksi da kanta, karo na farko a rayuwarta, ta ce a kai ta tashar jiragen ruwa ta Port Mol.

A can babu inda za a ɓoye wa ruwa. Yana gaba, yana gefe, har ƙarƙashin simintin da take takawa tana jin yana mari. Warin kifi da baƙin mai ya cika mata hanci. Ta kafa ido a ƙafafun mutumin da ke gabanta a layi har ta kai taga. Duk abin da ta haddace ya gudu, sai "Port-Gentil" kaɗai ya fito, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ma'aikacin ya yi mata wata doguwar magana. Ta sake ɗaga yatsan. Ya yi dariya, ya miƙo tikitin, ya nuna mata wani jirgi da ke ɗaure a gefe. Ta juya ta dube shi. Ta yi zaton za ta ga abu kamar masallacin Juma'a. Sai ta ga wani abu mai tsatsa a jiki, bai fi tifa uku ba, yana ɗagawa yana sauka alhali ba kowa a kansa. Ta zauna a kan wani buhun siminti har sai da mai kayan ya zo ya tashe ta.

Daga nan ta fara shiri irin na wanda ba zai dawo ba. Ta bi gidajen Sotega tana neman gafara. Ta kai wa Hawaou mabuɗin ɗakinta, ta nuna mata zannuwan da za a ba yarinyar nan. Ta je kasuwa ta sa aka yanko mata farin yadi na likkafani. Tana tafe da shi a hammata sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, don ya faɗo mata cewa wanda ruwa ya ci ba ya bukatarsa. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Ta wuce kai tsaye wurin Malam Abdulgani, limamin unguwa, ta durƙusa daga bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, wanda teku ta tafi da shi, ba wanka, ba kabari, yaya ke nan?"

"Hajiya Ƙulu, ƙasa ta Allah ce, ruwa ma nasa ne. Ba ya ɓatar da bawansa a ko'ina. Kuma ana yi wa wanda ba a gani ba salla." Ya dube ta. "Amma ni ban ga alamar mutuwa a tare da ke ba. Alamar kaka na gani."

Ya biya mata addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi, ta yi ta bi har ta zauna mata.

Ranar tafiya Hawaou ta bar yaran wurin mijinta ta raka ta tasha da sassafe. Wani ɗan dako ya ɗora tukunyar a ka, gero da sauran kaya a cikinta. Tsakanin siminti da jirgin katako ne guda, faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, ruwa baƙi yana motsi a ƙarƙashi. Ƙulu ta kai ƙafa ta janye. Mutanen baya suka fara surutu da yarensu. Ta sake kaiwa ta janye.

"Takwara," Hawaou ta raɗa mata, "kalli tukunyarki kawai. Bi ta."

Ta ɗaga kai, ta kafa ido a gindin tukunyar da ke tafiya a gabanta, ta bi. Ba ta ma waiwayo ta yi sallama ba.

Ta sami wuri a tsakiyar jirgi, ta zauna a ƙasa ta jingina da tukunyar, ta rufe fuska. Da farko lafiya, sai ƙarar inji. Da hantsi ya yi, suka fita bakin kogi, jirgin ya fara hawa yana faɗawa. Kaji suka kama kuka a cikin kwanduna, wani galan ya gangaro ya bugi ƙafarta, ruwa ya fantsamo ya jiƙa mata baya. Ta ɗanɗana gishiri a leɓenta. Addu'ar ta watse, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai. Ta ji ihun mata, ta tabbata lokaci ya yi, ta ƙanƙame hannun tukunyar tana jiran sanyin nan da ta sani.

Sai aka jefa mata wani abu mai ɗumi a cinya. Ta buɗe mayafi. Jariri ne, yana tsala kuka. Uwarsa, wata yarinya 'yar ƙasar da ke zaune kusa da ita, ta rarrafa gefen jirgi tana sheƙa amai, ba ta ko iya ɗaga kai. Jirgin ya karkata, yaron ya fara zamewa. Ƙulu ta saki tukunyar ta cafke shi. Ta kwance ɗan zanen da ke ƙugunta ta ɗaure shi a ƙirjinta tamau, ta tokare ƙafa da wani ƙarfe. Tsoron bai tafi ba, amma hannu biyu duk suna da aiki. Ta yi ta jijjiga shi tana masa 'yar waƙar raino da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Can ya yi barci. Da uwar ta dawo, jiki ba ƙarfi, Ƙulu ta ɓare lemon tsami ta tura mata a baki, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. Haka suka yini su uku, ba mai jin yaren wani.

Da la'asar sakaliya ruwan ya kwanta. Aka fara hango bishiyoyin kwakwa, da wata wuta tana ci a kan dogon bututu can nesa. Bouba na tsaye a tasha. Da ya ga surukarsa ta sauko da rarrafe, zane jiƙe, ya cire hula ya durƙusa a kan simintin.

"Inna, sannu da hanya. Sannu."

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi. Tun safe take tambaya ko jirgi ya iso."

Ba a yi mako biyu ba Jamilatu ta haihu a asibiti, da wahala, amma ta tashi. Namiji ne, aka sa masa Sabitu. Ƙulu ta kafa tukunyarta a bayan gidan, safe da yamma tana dafa ruwa. Babu runhu a tsibirin, sai ta yi wankan da ganyen lemo.

Da aka yi arba'in Bouba ya zo da maganar tikitin komawa. Ta ce a bari yaron ya yi ƙwari. Da ya fara zama, ta ce a bari ya yi rarrafe. Kafin ya yi tafiya ta riga ta kafa rumfa kusa da shagon, ma'aikatan mai 'yan Najeriya da Kamaru da Nijar suna layin tuwo. Ta aika wa Hawaou ta hannun Ɗanlaraba cewa ta riƙe murhun Sotega, ta turo mata muciyarta da zannuwa.

A Port-Gentil ta ƙare rayuwarta, ta yi jikoki biyar, kuma har ta tsufa ba ta bin hanyar bakin ruwa. In baƙi daga Libreville suka zo cin tuwo suka tambaye ta, "Inna, yaushe za ki leƙo mu?" sai ta ƙara musu miya ta ce, "Ku gaida mutanen Sotega. Ranar da aka yi gada ina nan tafe."