Yaya Ta Ƙi A Yanke Kuskurenta

Yayata ma'aikaciyar laburare ce a jami'a, kuma ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka babu wanda zai ba ni labarin taurin kanta. Ina ƙarama in na kawo mata aikin gida ba ta taɓa faɗa mini amsa. Sai ta zaunar da ni, ta zuba mini ido har in tafka kuskure, sannan ta gyara zama ta ce, "Yawwa, yanzu muka fara." Wallahi haushi kamar in cije ta.

Haka ta yi ta yi wa ɗaliban jami'a shekara da shekaru. Aikinta shi ne koya wa sababbin shiga yadda ake neman bayani don rubutun bincike. Akwai wani ɗaki a laburaren, kwamfutoci a jere, fanka ɗaya mai ƙugi, da babban allo a bango. Sai ta kira ɗalibi gaba ta ce ya nemo abin da masana suka rubuta a kan ruwan rijiya. Bawan Allah ya zuba tambaya mai tsawon igiya, kwamfuta ta ce babu komai, aji ya kwashe da dariya. Daga nan take nuna musu yadda ake rage kalma, a canja wata, a duba wa ya yi rubutun da lokacin da ya yi shi.

Da jami'a ta buɗe karatu daga nesa, rabin ɗalibai a aji, rabi ta intanet, mutane suka ce ai Malama ta shiga uku, ta tsufa da koyon sabon salo. Ba su san ta ba! A falonta ta jingina waya da tulin littattafai, ta mayar da ni da mijinta 'yan gwaji. Mijin ya ce, "Ni da na yi ritaya, yau an dawo da ni aji ɗaya." Ba a jima ba ta gwanance. Ɗaliban nesa sukan rufe kyamara su yi lamo, ba ka jin komai sai kukan jariri ko ƙarar mota. Ita kuwa sai ta ce, "Mai jariri, ke za ki fara. Ƙyale shi ya yi kukansa, shi ma ɗalibinmu ne." Matar ta nuno abin da ke fuskar kwamfutarta, ta gwada, ta kasa, a yi dariya, a gyara tare.

Rigima ta tashi ne da aka ce a naɗi darasin a bidiyo, kowa ya kalla lokacin da ya samu sarari. Yaya ta yi murna da hakan. Mai ɗaukar bidiyo ya zo ya kafa fitilunsa, ta zauna ta fara nema kamar kullum. Nema na farko bai ba da komai ba. Na biyu ya kawo shirme. Na uku ya kawo muƙalar da take so, amma shafin ya ƙi buɗewa. Ko gezau, tana yi tana bayanin abin da ya sa da abin da za ta gwada a gaba, har ta samu.

Da aka kawo mata bidiyon bayan an gyara, duk an yanke wannan. Sai ga ta a ciki tana murmushi, ta danna sau ɗaya, muƙala ta fito tsaf. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "Wannan ƙarya ce, kuma da fuskata aka yi ta."

Shugaban laburare ya kira ta ofis. Ba mugu ba ne, ko da yake raina bai so in faɗi haka ba. Ya ce ɗaliban nesa na fama da data, gajeren bidiyo ya fi musu sauƙi, kuma duk duniya za ta iya gani, bai dace a ga ma'aikaciyar jami'a tana lalube ba.

Ta ce, "Yallaɓai, in tsawo ne, a yanke gaisuwata da kiɗan nan na farko. Amma yaron da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, in ya ga na samu nan take, shi ya gwada bai samu ba, cewa zai yi shi ne daƙiƙi. Zai rufe ya je ya kwafo duk abin da ya tsinta. Na cikin aji yana ganin 'yan uwansa suna kasawa. Na nesa ni kaɗai zai gani."

Shugaban ya sha mur ya ce ko ta amince da bidiyon yadda yake, ko ta miƙa ajin ga wani.

Ni na roƙe ta, don na san ajin nan shi ne ranta. Na ce, "Haba Yaya, ki bari a yanke mana! Me zai ragu a jikinki?" Ta harare ni ta ce, "Ke da kike koya wa mata ɗinki, kin taɓa ɓoye musu yadda ake farke wanda ya karkace?" Har ga Allah na ji haushinta.

Aka karɓe ajin. Wani abokin aikinta ya naɗi sabon bidiyo mai sheƙi, ita kuma aka tura ta ɗakin ajiyar tsofaffin mujallu a ƙasan bene. Kada wani ya ce abin bai yi mata ciwo ba. Mijinta ya ce ranar ta dawo ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ko ruwa ta kasa sha.

Wata rana da hantsi na biya wajenta a ɗakin ajiyar. Ɗakin sai ƙura da warin tsohuwar takarda, taga ɗaya ƙarama can kusa da rufi. Na tarar da Yaya, da shekarunta da ciwon gwiwarta, tsaye a kan kujera tana riƙe da waya a jikin tagar, don nan ne kawai sabis ke kamawa. Wata ɗalibar nesa ce ta samo lambarta ta kira ta. Matar tana cewa ta yi duk yadda aka nuna a bidiyo bai fito ba, ita dai ta ga alama karatun ya fi ƙarfinta.

Yaya ta ce, "Ni ma yanzu na gwada bai fito ba. Karanto mini abin da kika rubuta."

Ana cikin haka shugaban ya leƙo, shi da wani baƙo da yake zagayawa da shi. Ya tsaya turus. Ya ce, "Malama, ai na zaci mun gama maganar koyarwa."

Na san daga ɗakin nan babu inda ya rage a tura ta sai gida. Yaya ta dube shi daga saman kujera, ko saukowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Aji kuka karɓe, Yallaɓai, na kuma bayar. Wannan kuwa ni ta kira. In za ka hana, ga wayar, ka faɗa mata da bakinka."

Ta miƙo masa wayar. Matar na ta cewa, "Malama? Malama, kina ji na?" Shugaban ya dubi wayar, ya dubi baƙonsa, bai miƙa hannu ba.